ZAUREN ANTI: "Hotona ya gani ya ce yana so, yanzu kuma zai zo ganina"

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na ware a wannan watan, domin duk magana ɗaya suke yi ko da yake masu su ba su san juna ba. Ta farko ce za ta ci mana wuri, don mai ita tana kan gaɓa.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Shekarata 24, ina koyarwa a wata firamare. Ni baƙa ce, baƙa sosai, kuma ina da tabon ƙuraje a kumatu tun ina sakandare. Wata biyar da suka wuce aka yi bikin ƙawata, ina cikin ƙawayen amarya. Da mai hoto ya turo hotunan, sai da na sake dubawa kafin na yarda ni ce: ya haska ni, ya goge tabon, hancina ya miƙe. Kowa ya yi ta yabawa, ni kuma na sa a sitatus. Wani abokin yayan amaryar da ke aiki a Fatakwal ya gani, ya nemi lambata. Tun daga nan kullum muna waya, kuma wallahi mutumin kirki ne. Duk hoton da zan tura masa sai na bi shi da filta don kada ya saɓa da na farko. In ya kira ta bidiyo sai in ce babu sabis. Yanzu ya ce bayan Babbar Sallah zai zo ya gaida su Baba, saura mako bakwai. Wata ƙawata ta haɗa ni da mai haɗin mai, ta ce sati uku ya isa in kamo hoton, naira dubu ashirin da biyar har da sabulu. Na biya rabi, ban karɓo ba tukuna. Anti, na daina son madubi. In na duba sai in ga kamar an sauya ni da wata mummuna. In shafa na ɗan lokaci har a ɗaura aure, sannan in daina? Kuma abin da na yi yaudara ce?
'Yarki, daga Gusau

AMSA: 'Yata, bari in fara da wadda ba ta jira. Kada ki shafa, ko ɗigo. Kuɗin da kika bayar, in ta dawo miki da su ki karɓa, in ta ƙi ki bar mata. Asararsu ta fi sauƙi a kan abin da ke cikin robar nan. Zan dawo kan dalili. Kafin nan ina so ki san wace ce yarinyar da ke cikin hoton, don na ga alama kin ɗauke ta wata ce da ta fi ki, har kina gudu ki kamo ta.

Na yi shekaru ina aiki a wata mujalla a Kaduna, teburina na jikin na yaron da ke tsara shafuka. Ranar da za a rufe bugu nakan ja kujera in zauna ina kallon yadda yake haɗa bangon gaba. Wata rana hoton wata 'yar kasuwa ne da muka yi hira da ita, mace mai kamala, baƙa, ta kai shekara arba'in da biyar, da bille a kuncin hagu. Ya yi ta zuƙo hoton har kuncinta kaɗai ya cika kwamfutar, ƙofofin gashin fuskarta suka fito rututu kamar gurbin dara. Sai ya riƙa ɗebo lafiyayyar fata daga goshinta yana mannawa duk inda ya ga tabo. Ya bi ƙasan idonta ya share gajiyar da ke wurin. Ya sa duhu kaɗan a gefe da gefen hancin, ya ja siririn haske a kan karan, nan take hanci ya tashi. Akwai wani abu da yake tura nama da shi kamar mai murza kwaɓin fulawa, da shi ya matse haɓa ya rage wuya. Ya wanke farin ido, ya wanke haƙora. Daga ƙarshe ya kama wani ɗan layi ya ja shi dama a hankali, ina kallo matar nan ta tashi daga baƙa ta koma wankan tarwaɗa, daga nan ta doshi fara. Na ce masa ya isa haka. Ya ɗan dawo da shi baya, ya ce, "Anti, in bango ya yi duhu ba ya tafiya a kasuwa." Duka aikin bai kai minti arba'in ba.

Bayan kwana huɗu matar ta zo karɓar nata kwafin. Ta riƙe mujallar ta daɗe tana kallo, sai na ga ta kai yatsa kuncinta na hagu tana shafawa. Ta ce, "Ina billena?" Ta ce irin na mahaifiyarta ne, kakarta ce ta kira wanzamin da ya yi mata. Duk ofishin aka yi shiru. Ni na sa hannu a shafin nan kafin ya tafi maɗaba'a, na ga an share billen ban ce komai ba, kuma har yau in na tuna yatsan nan a kan kuncinta sai in ji nauyi a ƙirjina.

Abin da mai hoton biki ya yi miki ke nan. Yarinyar da ke cikin hoton ba ta taɓa shan ranar Gusau ba, ba ta taɓa tsayawa gaban allo tana shaƙar ƙurar alli ba, fatarta ko ƙofar da gumi zai fita ba ta da ita. A kwamfuta aka haɗa ta, da kayanki.

Gyaran hoto daɗaɗɗen abu ne. Masu situdiyon da can da fensir suke bin nagatif suna rage tabo. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, aikin ya koma na minti. Amma duk tsawon lokacin nan fuskar wasu ake gyarawa: tauraruwar fim a jikin kalanda, ɗan takara a jikin fasta. Muna kallo mu ce ai su daban ne, mu wuce. Abin da ya sauya shi ne gyaran ya shigo cikin jakarki. Snapchat ta kawo filtar fuska a 2015, TikTok ta fito da wata a 2023 mai suna Bold Glamour wadda ko kin shafa fuska da hannu ba ta gocewa, wayoyi da yawa kuma tun daga kwali suke zuwa da gyaran fuska a kunne, mai wayar ba ta ma sani ba. Yanzu wadda ake gwada ki da ita ba wata ta nesa ba ce. An yi miki kishiya da fuskarki, idonki ne da ita, murmushinki ne da ita, ta fi ki haske, kuma tare kuke kwana. Shi ya sa kika ga kamar an sauya ki a madubi. Fuskarki tana nan yadda take wata biyar da suka wuce. Idonki ne ya saba da wancan ma'aunin.

Ba kuma rauninki ne ke kaɗai ba. A ƙasar Holan, a wani bincike da aka fitar a 2016, an tara 'yan mata 144 masu shekara 14 zuwa 18, aka nuna wa wasu hotunan Instagram na asali, wasu kuma aka nuna musu hotunan nan bayan an gyara su. Waɗanda suka kalli gyararrun sun tashi da ƙarancin gamsuwa da jikinsu, musamman masu yawan gwada kansu da wasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sun ɗauki gyararrun a matsayin hotunan gaske. A 2021 kuma wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, mai suna Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, a ciki aka ga binciken da su da kansu suka yi: kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu. Kamfanin ya ce an karkata ma'anar binciken, amma rubutun nasu ne.

Hancin ma da kike ƙorafi, akwai laifin kyamara a ciki. Wasu likitocin gyaran fuska a Amurka sun lissafa a 2018 cewa hoton da aka ɗauka daga nisan sentimita 30, wato yadda kike riƙe waya ki ɗauki kanki, yana faɗaɗa hanci da kusan kashi 30 cikin 100, alhali daga nisan mita ɗaya da rabi hanci na fitowa yadda yake. Kin gani ko? Kyamarar gaba ta ƙara miki hanci, sannan filta ta zo ta ce bari ta rage miki, ke kuma kina mata godiya.

A Turai ana yawan gyaran hoto don rage ƙiba. A wurinmu ɗan layin nan na haske shi ake fara ja, kuma ba waya ce ta koya mana ba. Mun taso muna jin "fara ko mayya ce", muna jin "farar mace alkyabbar mata". Mun kalli finafinan Indiya tun zamanin silima, mun karanta littattafan soyayya da yawa da jarumar cikinsu fara ce sol, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya. Ciwon na nan, waya ta zo ta same shi ta dama. Su ma masu ƙera manhajojin da nasu son zuciyar: a 2017 sai da mai manhajar FaceApp ya ba da haƙuri, bayan an lura filtarsa ta ƙara kyau haska baƙaƙen mutane take yi. A shekarar nan dai mujallar Grazia ta Birtaniya ta sa Lupita Nyong'o, 'yar Kenyar nan da ta ci kyautar Oscar, a bangonta, aka datse mata gashinta na asali a kwamfuta aka kwantar da sauran. Ba ta yi shiru ba, ta saki hoton asalin duniya ta gani, mai hoton ya nemi afuwa. Baƙa ce wuluk, kuma da baƙin nata duniya ta san ta. In irin wannan ba ta tsira daga hannun masu gyara ba, ki daina ganin don kin gaza ne aka gyara ki.

To, mu dawo kan robar. Duk man da zai sauya launin mutum a sati uku, abu uku ne ake zargi a cikinsa, ɗaya ko duka. Akwai sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda likita ke rubuta wa mai cutar fata na 'yan kwanaki. In an daɗe ana shafa shi fata na yin sirara har jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙurajen da kike gudu su dawo ninki, makero ya samu wurin zama, ciwo ya ƙi warkewa, kuma yana ratsa fata ya shiga jini ya jawo hawan jini da ciwon suga. Ki tambayi duk ma'aikaciyar ɗakin haihuwa yadda suke fama da ɗinki a fatar da ta sha irin wannan man. Akwai haidurokwinon, wanda in an daɗe a kansa yake barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kunci, wanda kusan ba ya gogewa. Kin sha ganinsa a fuskar manyan mata a gidan biki, ƙarƙashin hoda. Akwai kuma zaiba, wadda likitoci ke kira makuri, ita ƙoda take ci da jijiyoyi, kuma tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Mai haɗin ba za ta faɗa miki abin da ta zuba ba, sau da yawa ita ma ba ta sani ba, kuma kalmar "oganik" da ke jikin robar ba shaida ba ce.

Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na shafa man ƙara haske. Adadin ya samo asali daga binciken da aka yi kan 'yan kasuwa a Legas, don haka ni ban ɗauke shi ƙidayar kowa da kowa ba, amma ko rabinsa ne ai abin tsoro ne. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidurokwinon a 2016, hukumar NAFDAC a nan gida ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Kin ce na ɗan lokaci. 'Yata, wannan shi ne ƙaryar da ke cikin cinikin. Man ba ya cire launinki, danne shi yake yi. Ranar da kika daina, fata za ta ci gaba da aikinta, launin ya dawo, sau da yawa da dabbare-dabbare da ƙaiƙayi, ya fi na da duhu a wuraren da rana ke duka. A lokacin kina amarya a garin da ba ki san kowa ba, mijin kuma ya saba da fara. Za ki daina? Haka matan da kika gani da gaɓoɓin yatsu baƙi da fuska ja suka fara, kusan kowacce da bikin da take son ta fita kunyarsa. Kuma ko kin shafe robar duka ba za ki kamo hoton ba, don shi ba fata ba ne. Hoto ne ya ciyo bashin nan, kada ki sa fatarki ta biya. Tabon ƙurajen in yana damunki yana da magani na gaskiya: ki ga likitan fata a babban asibiti, ki daina matsa ƙurji, ki kare fuskarki daga rana. Watanni yake ɗauka, amma launinki zai bar miki.

Sai tambayarki ta biyu. Ni ba malama ba ce mai ba da fatawa, amma ba zan ɓoye miki abin da na gani ba. Hoton farko ba laifinki ba ne, ba ke kika ce a haska ki ba. Kwalli da lalle da jan baki da dilka kuwa ado ne, kowa ya san ado ne, ba wanda aka rufe. Amma daga ranar da kika fara cewa babu sabis alhali akwai, kin shiga ɓoyewa, zuciyarki ma ta faɗa miki, shi ya sa kika rubuto. Kin san hadisin da Muslim ya ruwaito, na mai sayar da abincin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ki ji ni da kyau a nan, don kada ki ɗauki abin da ban ce ba: baƙinki ba shi ne jiƙaƙƙen hatsin ba. Baƙi ba aibi ba ne. Allah ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 22. Ɓoyewar ce kaɗai matsalar. Kuma lokacin da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, Annabi (SAW) cewa ya yi ya je ya dube ta, domin hakan ya fi sa ƙauna ta ɗore tsakaninsu. Mutumin nan yana da haƙƙin ya gan ki, ke ma kina da haƙƙin a so ki bayan an gan ki.

Don haka kada ki jira mako bakwai. A cikin satin nan, da rana, ki yi wanka ki yi kwalliyarki ta kullum, ki sa mayafin da ya fi karɓarki, ki zauna kusa da taga haske na dukan fuskarki, ki kashe duk wani gyaran fuska a wayar, ki kira shi da kanki ta bidiyo. Kafin nan ki faɗa masa a waya, kai tsaye: "Hoton da ka fara gani mai hoto ya haska ni, na baya kuma ni na sa musu filta don ina jin tsoro. Ni baƙa ce, ina da tabo a kumatu. Ina so ka gan ni kafin ka taso." Kada ki haɗa da ban haƙuri kan launinki. Haƙurin na ɓoyewa ne, sau ɗaya ya isa.

Ba zan yi miki alkawarin abin da zai ce ba. Yana iya ja da baya, kuma zai yi ciwo, za ki yi kuka. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara a yi ta a waya tsakaninku biyu da a yi ta a zauren Baba, ƙannenki na leƙe, ko bayan an kai ki ɗaki. Yana kuma iya tsayawa. Wata biyar yana kiranki kullum, kuma hoto ba ya hira. Muryar da yake ji, da hankalin, da dariyar, da yadda kike ba shi labarin ɗalibanki, babu filtar da ta taɓa su.

Ko ya tsaya ko ya tafi, akwai aikin da ya rage tsakaninki da madubi. Ki shiga saitin kyamara ki kashe gyaran fuska ki bar shi a kashe. In za a ɗauke ki, ki ba wata ta ɗauke ki da kyamarar baya daga ɗan nesa. Shafukan da in kin gama kallonsu kike jin kin muzanta, ki daina bin su na wata guda ki ga bambanci. Ki ɗauko albam ɗin Mama ki kalli hotunanta na 'yanmatanci, ki nemi hancinki da goshinki a wurin. Ido abin sabo ne, yadda ya saba da waccan haka zai dawo ya saba da ke. In kuwa ƙin madubin ya kai ga hana ki fita, ko barci, ko cin abinci, wannan ya wuce shawarar mujalla, ki ga likita. Ki rubuto mini bayan kiran, ina jira.

TAMBAYA: Tanti, ni mai hoton biki ne, shekara tara ina yi. Kullum mu ake zagi, ana cewa muna maida baƙa fara. Amma in na kai hoto yadda amarya take, uwarta ce za ta fara cewa na fito da 'yarta baƙa ƙirin, a riƙe mini cikon kuɗi, baɗi a kira wani. Da iyali nake. Yaya zan yi?
Mai hoto, daga Maraɗi

AMSA: Ƙanena, na yarda da kai, kuma ba zan ce ka bar abincinka ba. Amma ka raba abu biyu da ake cakuɗawa. In uwar amarya ta ce hoto ya yi baƙi, sau da yawa gaskiya ta faɗa: hoton ne ya yi duhu, fuska ta dushe, ido ya ɓace cikin inuwar goggoro, farin leshi ya janye hasken duka. Maganin wannan a wurin ɗauka yake. Ka auna haskenka a kan fatarta, ka bar leshin ya ji da kansa, ka sa yaronka ya riƙe faifan mayar da haske ta ƙasan fuska, ka fitar da ita waje da hantsi ko bayan la'asar. Baƙar fatar da ta sha gyaran jiki, in haske ya zauna mata daidai, sheƙi take yi wanda ba ɗan layin da zai ba ka. Sana'ar taku ma da karkatarta ta zo: tun shekarun 1950 kamfanin Kodak da hoton Baturiya yake daidaita launi a wuraren wankin hoto, sai da masu tallar cakulan da kayan katako suka koka cewa kayansu ba sa fitowa sannan aka kula da launuka masu duhu. Wanda ya iya ɗaukar baƙar fuska ya iya abin da na'urar ba don shi aka fara ƙera ta ba, kuma wannan gwaninta ce da za ka iya sa wa kuɗi.

A wajen gyara kuma ga ma'aunin da nake ganin adalci ne: abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, kamar ƙurjin da ya fito ranar kamu, ko gumi, ko jan bakin da ya taɓa haƙori, ka goge. Abin da aka haife ta da shi ko ta rayu da shi, launi, hanci, wushirya, zane, faɗin jiki, kada ka taɓa sai ita da bakinta ta ce, kuma ko ta ce, ka haɗa mata da na asalin. Wasu ƙasashen doka suka sa. Faransa tun Oktoban 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi in an sauya surar jiki, da tarar da ta kai Yuro 37,500. Nowe ta bi sahu a 2022, har da masu talla a shafukan sada zumunta. Sai dai binciken da aka yi ta maimaitawa, musamman a Ostireliya, ya nuna rubutun gargaɗin bai cika rage wa mai kallo ciwon ba, ido na riga hankali. Shi ya sa na fi sa rai da hannunka a kan doka. Ka zaɓi amarya baƙa guda ɗaya da ka ɗauka da kyau, ka nemi izininta da na mijinta, ka wanke hoton babba ka rataya a shagonka inda uwayen amare ke zama.

TAMBAYA: Anti, 'yata shekararta 15, siririya ce kamar babanta. Kullum tana kan waya tana kallon 'yan mata masu ƙugu. Jiya na tsinci ƙwayoyin sha-ka-fashe a jakar makarantarta, ta ce ta yi wata biyu tana sha. Fuskarta ta kumbura. Babanta ya ce a ƙwace wayar a zane ta.
Uwa, daga Jos

AMSA: 'Yar'uwa, ku ajiye bulalar, ku tafi asibiti gobe da safe, ki riƙe ƙwayoyin da kwalinsu ki nuna wa likita. Abin da ake sayarwa da wannan suna yakan zama maganin mura da ƙaiƙayi mai buɗe ciki, ko kuma sitiroyid irin su dekisametason. Kumburin fuskar da kika gani ya sa ina zargin na biyun, kuma wannan ba ƙiba ba ce ta lafiya. In shi ne, wanda ya yi wata biyu yana sha ba a yanke masa shi farat ɗaya, jiki na iya faɗuwa. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali, ya duba jininta da suganta. Wannan shi ne na gaggawa.

Wayar kuma, ku sa mata lokaci, kada ta kwana da ita, amma ƙwacewa kaɗai ba ta isa ba, ta ƙawa na nan. Ki zauna kusa da ita ki ce ta nuna miki waɗanda take kallo, ba da faɗa ba. Ku zuƙo hoton tare, ku dubi abin da ke bayan mai hoton: bakin ƙofa, layin tayil, ƙarfen gado, labule. Inda aka ja ƙugu, sau da yawa za ku ga ƙofar ma ta lanƙwasa ta bi shi. Ki bar ta ta gano na biyu da na uku da kanta. Wasu kuma ciko ne a cikin siket, wasu tiyata ce.

Sannan ki saurari gidanki na kwana bakwai. Wa ke ce mata sillan kara? Wa ke cewa wa zai auri ƙashi? In goggonta ce ko yayyenta, ko ke da kanki cikin wasa, to daga nan ta ɗauko ciwon kafin ta kai shi waya. Ki tsawatar a gabanta, ta ji da kunnenta. Babanta kuma, tunda jikinsa ta ɗauko, ki roƙe shi shi ya riƙe hannunta zuwa asibitin.